Gurbin Labbo Ya Yi Ja

Ku samarin da ke shigo mini shago da kwamfuta a hammata kuna cewa rina gurbi ba aiki ba ne, danna nan danna can ne kawai, ku jawo benci ku zauna. Ni ɗin nan da kuke gani da wanga tumbi, wanda ke riga ni shiga ɗaki ya gama gaisawa da mutane kafin in iso, a gaban allon kwamfuta na tara shi. Amma har yau, duk lokacin da gurbi ya sake launi ba tare da hannu ya taɓa shi ba, sai tsigar jikina ta tashi. Ku kun tarar da abin a duniya kamar yadda kuka tarar da rana da wata, shi ya sa ba ya ba ku mamaki. Ni na san lokacin da babu shi.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Akwai manhaja a kwamfuta wadda in ka buɗe ta za ka ga shafi an tsaga shi gida-gida kamar gurabun dara, layi bisa layi, ba iyaka. Kowane gurbi kana iya zuba masa suna, ko lamba, ko lokaci. Kana kuma iya ɗaukar launi da hannunka ka shafa masa. Wannan fenti ne, ko akuya ta taka madannai tana iya yin sa. Abin da nake magana a kai daban ne. Shi ne ka kafa wa gurbi sharaɗi, ka ce masa in abin da ke cikinka ya gaza kaza ka yi ja, in ya kai kaza ka yi kore. Sai ka tashi ka tafi masallaci. Shi kuwa ya zauna yana gadin maganarka, ba gyangyaɗi, ba fita shan iska, ba ya duba ko ɗan wane ne. Saboda wannan aiki mutanen Isa ke kirana Marini, ni da ban taɓa tsoma ko ɗan yatsa a karofi ba.

A Sakkwato na koyi aiki, wurin wani Bayarabe mai suna Oga Lasisi, haifaffen can, wanda Sakkwatancinsa ya fi nawa tsami. Kun san tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa, wasa ne har bakin kabari. Ranar da aka kawo ni daga Sabon Birni ya dubi zanen fuskata ya ce ai an riga an tsaga mini jadawali a kumatu, saura a cika. Na dubi nasa na ce mai tsagar ne ya gaji a rabin aiki ya gudu. Ya yi dariya har da tari, ya ce a bar masa ni.

Tafireta ya fara ɗora ni a kai, kuma aikin da ya fi zuwa shi ne sakamakon jarrabawa na makarantu. Zaren tawadar tafireta rabi baƙi ne rabi ja. Malamai suna son makin wanda ya faɗi ya fito da ja. Don haka kowace lamba sai ka dube ta, ka auna ta a kai, in ta gaza ka tura wani ɗan ƙarfe a gefe, ka buga, ka maido ƙarfen. In ka mance sau ɗaya ka buga wa ɗan mutane ja alhali ya ci, ubansa zai zo shagon da rawani a karkace, kai kuma ka sake shafin tun daga farko. Na tura ƙarfen nan har babban yatsana ya yi kanta irin ta gwiwar raƙumi. A mafarki ma ina turawa.

Ranar da Oga Lasisi ya sayo kwamfuta bai bari kowa ya kusance ta ba sai da ya gama koyon ta a ɓoye. Wata safiya ya kira ni ya ce in zauna in buga maki a wani gurbi. Na buga babba. Shiru. Ya ce in goge in buga ƙarami. Ban gama ɗauke yatsa ba gurbin ya yi jawur, kamar an yanka zakara a ciki. Na yi tsalle da baya, kujera ta bi gabas, randa ta bi yamma, hulata kuwa wai a tsallaken titi aka tsinto ta. Yana riƙe da ciki yana cewa ga jikan mayaƙa yana gudun akwati. Da na dawo hayyacina na tambaye shi wa ke ciki yana gaya mata. Sai ya daina dariya ya ce, "Kai za ka gaya mata, sau ɗaya tak, ita kuma ba ta mantuwa. Don haka ka kiyayi abin da za ka gaya mata."

Da na samu 'yanci na dawo yankinmu na buɗe shago nan Isa, daura da tashar 'yan kabu-kabu. Kayan aikina ba su da yawa: tsohuwar kwamfutar cinya da ke huci kamar jakin da ya hau tudu, faifan sola a kan rufi, batirin mota a ƙarƙashin tebur, da kwali da nake kifa wa allon don hasken rana. Hasken ranarmu yana cinye launi mai sanyi. Ruwan hoda da sararin samaniya ɗin nan da kuke so, ku bar wa masu ofis mai labule. A ƙarƙashin rumfa sai ja mai ƙarfi, da rawaya irin ta ƙwai, da kore shar.

Wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwar Bafarawa ya taɓa kawo mini aiki. Yana son duk maganin da kwanansa ya kusa ƙarewa ya yi rawaya, wanda ya ƙare ya yi ja, don kada ya ɗura wa shanun mutane ruwan banza. Na yi masa, abin ya yi kyau kamar zanen amarya. Sai ya ce in buga masa a takarda ya tafi da ita. Injina kuwa baƙar tawada kaɗai ya sani. Ja ya fito toka, rawaya toka, kore toka. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Marini, ai murhu ka ba ni." Ko da mai launi na buga masa, takarda ba ta san gobe ba. Rinin yana da rai ne a cikin kwamfuta kaɗai, in ka fitar da shi ya mutu, kamar kifi a kan rairayi. Dole ya riƙa biyowa ranar da ya shigo gari, mu duba tare.

Sai shekarar nan ta zo wadda ba sai na bayyana muku ba, kun san ta. Hanyoyin daji suka zama abin da suka zama. Aka yanke sabis, wayoyi suka koma tocila da agogo. Mutanen wajen Gangara da ke kusa da iyaka sukan hau tudu ko bishiya su kamo sabis na Nijar, mu nan ko ka hau kan wanda ya hau bishiya ba ka samun komai. Makarantu suka rufe, aikina ya tsaya cak, har ƙudajen shagona na san su da suna. Amma 'yan kabu-kabu ba su da zama, don marar lafiya sai an kai shi, gishiri da omo sai sun isa ƙauye, su ma sai an ɗora tukunya a gidajensu. Dokar da kowa ya sani ita ce rana na yin ja babu mai fita daga gari, ko uwarsa ce ke kira.

To akwai wata ɗabi'a tamu da sai ɗan ƙasa ke gane ta. In mutum ya fita ya daɗe bai komo ba, babu wanda zai fara faɗi. Kowa a tasha ya sani, kowa yana satar kallon hanya, amma in ka tambaya sai a ce shina hanya. Faɗin cewa wane bai dawo ba kamar kiran abin ne da bakinka. Akwai wani mai shayi a bakin tasha da ya taɓa cewa anya wane lafiya kuwa, tun rana na sama. Aka yi rashin sa'a da gaske an tare mutumin a hanya, bai ga gida ba sai bayan watanni. Danginsa har yau ba su shan shayin bawan Allah nan, suna cewa bakinsa ne. Daga nan bakuna suka ƙara ɗinkewa. Sai a zauna ana shina hanya, shina hanya, har rana ta faɗi, lokacin da neman mutum ya riga ya wuce.

Ciyaman Arzika shi ne shugaban 'yan kabu-kabu na tashar, dogon mutum mai tsadar magana, bai yi boko ba amma yana rubutun ajami kamar an zana. Wata rana ya shigo ya sa tocilarsa caji, ya tarar ina wasa da wani tsohon sakamakon jarrabawa don kashe zaman banza, ina sauya maki gurabu suna ja suna fari. Ya tsaya a bayana har na ji numfashinsa a ƙeyata. Ya tambaya wa ke gaya mata ta yi ja, na ba shi amsar Oga Lasisi. Ya tambaya ko tana iya duba agogo, na ce tana iyawa. Ya tambaya in mutum bai komo a kan lokaci ba ko tana iya faɗi. Na ce magana dai ba ta yi, launi kawai za ta sake.

Ya ce, "Haka nika so. Abin da ba shi da baki, ba a cewa shina da mugun baki."

A ranar na fara aikin da ya fi kowane aiki girma a rayuwata, kuma layinsa bai fi tsawon tabarma ba. Gurbin suna, gurbin hanya, gurbin lokacin da mutum ya ce zai komo, da gurbin dawowa wanda ake bari wayam sai ya iso. Gurbin hanya muka ɓoye shi, Ciyaman kaɗai ke buɗewa, don a lokacin ko inuwarka ba ka gaya wa inda za ka. Sunaye kuwa bai sha wahalarsu ba, kowa da layinsa na dindindin, ya haddace su kamar yadda ya haddace fuskokinsu.

Ga inda danna nan danna can ke ƙarewa. Ɗan kabu-kabu ba ya ce maka ƙarfe kaza za ni komo. Zai ce hantsi, ko azahar, ko kafin la'asar in Allah ya so. Kwamfuta kuwa ba ta san ladan ba. Sai da na yi mata wani ɗan jadawali a gefe na lokutan salla, ina gyara shi in rana ta ƙara tsawo ko ta rage, ina bin kiran masallacin tasha. Na kafa sharaɗi na farko na danna, sai shafin duka ya yi ja tun daga sama har inda ido ba ya kai, kamar mahauta ranar Babbar Salla. Ashe gurbin da ba a rubuta komai a ciki ba, ita a wurinta sifiri ne, sifiri kuma lokaci ne da ya wuce tun zamanin kakanni. Wanda ke kwance gida da zazzaɓi ma ta ce ya ɓace. Sai da na koya mata cewa wanda bai fita ba ba a jiran sa. Sannan launi ya riƙa zamewa, ina son layin mutum duka ya rinu sai ya kama sunansa ya bar sauran, ko ya tsallaka gurbin da ba ruwansa. Maganin wannan wata 'yar alama ce da ake sa wa a gaban harafin layi, ni ina kiranta ƙusa, ita ke kafe idon sharaɗi a wuri ɗaya. Sharuɗɗan kuma suna da girma da ƙanƙanta kamar 'yan gida ɗaya, na sama shi ake ji. Na ɗora wanda ke cewa in an rubuta dawowa layi ya koma fari a can bisa, don kada ja ya yi masa gardama. Abu na ƙarshe, ba ta waiwayar agogo sai an taɓa ta. Akwai maɓalli ɗaya a layin sama da ke farkar da ita. Na ɗiga masa jan farce na uwargida don Ciyaman ya gane shi, tunda a hannunsa kwamfutar ke wuni a tasha. Ya danna maɓallin nan har ya yi rami, yau in ka zuba ruwa a ciki tsuntsu zai sha.

Duk wannan wasa ne a kan tambayar da ta tara mu a ƙarƙashin rumfar tasha: yaushe za ta yi ja? In ta yi saurin ja, za a tura mutane daji neman wanda ke zaune gidan surukai yana shan fura, kuma tura mutum daji a shekarar nan ba abin wasa ba ne. In ta yi nawa, ba ta fi mu da komai ba. Aka yi ta ja-in-ja. Wani ya ce hanyar Kamarawa da damina ba ɗaya take da ta rani ba. Wani ya ce in ka ratsa gari ka tarar an yi rasuwa dole ka sauka ka yi gaisuwa, kwamfuta ta san wannan?

Wanda ya fi kowa surutu a wurin shi ne Labbo, ɗan kawuna, taubashina ke nan, kowa a cikinmu yana cewa shi ne ubangidan ɗaya. Siriri ne kamar karan dawa, in ya hau babur sai ka ce riga ce aka shanya take gudu. Ya ce shi bai ga yadda za a ba wanga tumbi amanar rayukan mutane ba, mutumin da abu ɗaya kaɗai bai taɓa makara a kansa ba, akushi. Na ce shi ai ba ya bukatar layi, in ya ɓace a duba cikin tsintsiya.

Ciyaman ya bari aka gama, sannan ya ce duk a baibai muke ƙirgawa. Kada a duba lokacin da mutum ya fita, a duba lokacin da rana za ta faɗi. A auna tafiyar masu nema, zuwa da dubawa da komowa, a cire daga magariba. Inda aka tsaya, nan ne ƙarshen haƙuri a kowace hanya. In lokacin da mutum ya faɗa ya wuce, layinsa ya yi rawaya. In ya kai wancan wuri, ya yi ja, ko da kuwa an san shi da tsayawa hira. Na zauna na gina shi haka, hanya mai nisa jan ta ya zo da wuri, ta kusa ya jinkirta.

Matsalar da ta biyo baya ba ta kwamfuta ba ce. Mutum zai dawo da yunwa ya zarce gida ta bayan gari bai shaida wa kowa ba, layinsa ya yi ja a banza. Ja kuwa in ya yi ƙarya sau da yawa ya zama ado. Ciyaman ya yanke hukunci: duk wanda ya yi haka, 'yan tasha za su bi shi gida da yamma su cinye tuwonsa a gabansa. Ni na ba da kaina wurin zartar da wannan hukunci saboda Allah. Gida biyu muka yi wa haka, matan gidan da kansu suka koma koro mazansu tasha tun daga ƙofa.

Ranar Labbo tsakiyar damina ce, gero ya fi mutum tsawo. Ya ɗauki wani dattijo zuwa Kamarawa da hantsi, ya ce azahar za ta yi masa a nan Isa. Aka yi azahar, Ciyaman ya danna maɓalli, layin ya yi rawaya. Ba wanda ya damu, rawaya kullum ana ganin ta. Ni ina shago ina gyangyaɗi, abin da ya farkar da ni shiru ne. Tashar da in ana gardamar ƙwallo ba ka jin kiran salla, ta yi tsit. Na leƙa sai na ga Ciyaman ya juyo da allon yana fuskantar benci, ya koma ya zauna ya harɗe hannu. Layi ɗaya ne ja a cikin fararen, ana hango shi daga tsallaken titi. Gabas kuma hadari ya fara haɗuwa.

Yayan Labbo, Ummaru, shi ma ɗan kabu-kabu ne, kuma ko da yake taubashina ne ba a wasa da shi, fuskarsa kamar an ƙulle shago. Shi ya tsallako ya kamo hannuna ya ja ni har gaban allon. Ya ce ƙanensa shina hanya, dattijon ne ya tsare shi da fura, in goge wanga abu tun bai zame masa mugun fata ba. Mutane duk sun sunkuyar da kai. Na ce to, Yaya Ummaru. Na zaɓi layin, na ɗauki farin fenti na zuba masa a gaban idonsa. Ja bai motsa ba. Na ɗauki kore na zuba. Ko gezau. Ni na san dalili, fentin hannu a ƙarƙashi yake kwanciya, sharaɗi yana bisa. Amma wallahi da sanin nawa da komai sai da na tsaya ina kallon abin da na gina da hannuna ya ƙi jin maganata, saboda yana riƙe da maganar da na gaya masa tun farko.

Ummaru ya ce, "To mi ka wanke shi?"

Na nuna masa gurbin dawowa da ke wayam. Na ce duk abin da aka rubuta a nan, layi zai yi fari nan take, ita ba ta san gaskiya da ƙarya ba. Na tura masa kwamfutar gabansa na ce ga madannai, kowane ya taɓa ya isa.

Ya ɗaga yatsa. Ya tsaya da shi a sama. Ban san iya daɗewar da ya yi ba, ni dai na ji kamar gemuna ya ƙara tsawo. Sannan ya sauke hannun ya share a riga, ya juya ya nufi baburinsa. Bugu ɗaya ya tashi. Kafin ya fita tasha wasu sun bi bayansa, ba wanda ya kira sunan kowa, ba wanda ya ce ina za mu. Ni ma na yi niyyar bi, amma aka duba aka ga babu baburin da zai ɗauke ni ya kuma ɗauko Labbo, aka ce in zauna in yi addu'a.

Abin da ya faru sai daga baya muka ji. Labbo ya sauke dattijon lafiya, da ya ga zai makara sai ya yanke ta wata 'yar hanya cikin gonaki. Ruwan da aka yi kwanakin ya cinye gefen hanyar ya buɗe kwazazzabo inda da babu. Ya rufta ciki, babur ya danne masa ƙafa ta karye. Gero ya rufe shi ta kowane gefe. Ya yi ihu har murya ta dushe, ya danna odar babur har ta mutu. Masu nema sun wuce wurin ma, sai a komowa Ummaru ya lura da sawun taya ya ratse bai koma ba. Suka ciro shi, aka ɗaure ƙafar da kara da rawani, aka sa shi tsakiyar mutum biyu a babur. Suna shigowa gari ladan na gyaran murya don magariba, ruwa kuma ya kece kamar an fasa sama. Manoman wurin sun ce kwazazzabon nan ya cika har baki kafin a idar da salla.

Da suka iso Ciyaman da kansa ya rubuta lokaci a gurbin dawowa, da yatsa ɗaya, yana neman kowace lamba kamar mai tsintar tsaba. Layin ya koma fari, ya saje da 'yan'uwansa kamar ba a yi komai ba. Shi ne abin da ke ɗaure mini kai har gobe. Kwamfutar ba ta yi murna ba, ba ta ce ai na faɗa muku ba. Mai shayin nan yana tsaye a baya da buta a hannu, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya koma wurin wutarsa.

Don haka in kun zo kuna ce mini minti ɗaya ya ishe ku ku sa gurbi ya yi ja, ban musa ba, ni ma ina yi da ido rufe ina cin gyaɗa. Ku gaya mini dai wa zai kalli jan, a ƙarƙashin wace rumfa, da me zai tashi ya yi in ya gan shi. Wanda ya amsa wannan, za ni ba shi kujerata, in ya iya cika ta.

Labbo ya yi kwanakinsa a hannun maɗori. Ranar da ya fara fita da sanda, nan ya nufo, Ummaru na biye da shi. Ya zauna a bencin nan da kuke kai, ya miƙe ƙafar, ya ce duk gari ana ba shi labarin jan layinsa, shi kaɗai ne bai gani ba, in nuna masa in ba ƙarya muka haɗa don mu ci masa tuwo ba. Na aika aka karɓo kwamfutar daga tasha, na buɗe shafin ranar. Fari fat. Ya ce ya san za a yi haka, bawa ba ya faɗin gaskiya sai ya ga bulala.

Na ce ya matso. Na sa yatsa a gurbin dawowarsa na goge lokacin da Ciyaman ya rubuta.

Layin ya yi jawur daga sunansa har ƙarshe.

Labbo mai bakin da ba ya rufuwa ko a cikin barci ya dubi allon, ya dubi ƙafarsa, ya waiwayi ƙofa. Sannan ya kamo hannun rigata ya ce da 'yar muryar da ban san shi da ita ba, "Kai Marini, maida ni gida maza, tun labari bai kai ga uwar yara ba."

Na rubuta lokacin. Layin ya yi fari. Bai saki rigata ba sai da ya kai fuska dab da allon ya tabbatar babu sauran ja ko a gefe. Sannan ya jingina da bango ya sauke numfashi.

Ya ce, "To. Yanzu na iso."